Ga Rifkatu, Mai Tafiya Gwada Hankalin Aladu

Kafanchan,
Jihar Kaduna.

Rifkatu 'yata,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ubangiji ya kiyaye fitarki daga gidan nan, ya tsare motar da za ta ɗauke ki, ya raba ki da mugun ji da mugun gani tun daga Kwoi har Kagarko, har ki wuce Jere ki shiga Abuja lafiya. Jirgin saman nan kuma, da ban taɓa shiga ba kuma ba na marmarin shiga, Allah ya riƙe shi da hannunsa har ya dire ki ƙasa. Na ce wa ƙanwata Saratu ta tura miki takardar nan cikin jaka, kusa da ƙullin citta da yaji, don kada ki karanta a gabana mu tsayar da direba da koke-koke.

Da safe nake rubuta miki, kaɗan-kaɗan, don da safe ne kaina yake zama nawa. Kin san abin da likita ya faɗa, tare muka zauna a gabansa. Ciwon mantuwa ne, ba ya komawa baya, magani sai dai ya rage masa gudu. Ke kuma karatunki na shekaru ne. Ni da na koyar da lissafi a firamare har na yi ritaya, ba sai wani ya haɗa mini waɗannan biyun ba. Ba mutuwa nake tsoro ba, Rifkatu, babanki ya riga ni kuma ban ji ya aiko da kuka ba. Abin da ya hana ni sakat shi ne ranar da fuskarki za ta fito a waya, in dube ki kamar mai talla da ta ɓata hanya. Ina ganin ranar tana tahowa, kuma ba ni da yadda zan yi da ita. Shi ya sa nake so in faɗa miki wasu abubuwa tun ina iya jera su.

Ranar da na sanar a zumuntar mata cewa kin samu gurbin karatu a Turai, guɗa ta tashi har fasto ya leƙo ta taga. Maman Joy ta ce, “Dokta za ta zama ko loya?” Na ce a'a, za ki je ki gwada hankalin dabbobi da kwamfuta.  Can sai ta ce, “Wato alade zai rubuta jarrabawa? To Allah ya ba shi sa'a, yaran namu ma ba su ci ba.” Na yi musu bayani yadda kika yi mini. Na ce ana sa dabba gaban allon gilashi, hotuna su fito, ta taɓa ɗaya. In ta dace abinci ya faɗo, in ta kuskure allon ya yi duhu ta jira. Kwamfuta ce ke yin tambaya, ita ce ke riƙe sakamako. Da haka ake gwada alade da biri da tattabara, har da yara ƙanana, a ga inda tunaninsu ya haɗu da namu da inda ya rabu. Sun gyaɗa kai don kunyata, amma na san a hanya sun yi ta dariya. Ban ji haushi ba, don ni na ga abin da idona a bayan gidanmu, cikin akwatin da kafinta ya haɗa miki lokacin aikin gama digirinki, aikin da ya sa mutanen can suka kira ki.

Daga akwatin nan zan fara. Kin tuna lokacin da Madam, uwar aladunmu, ta shiga cin gwaji ba ƙaƙƙautawa? Hoto ya fito, ta dangwala hanci, gyaɗa ta gangaro ta bututu. Kina ta tsalle kina cewa ba a taɓa jin aladen da ya kama abu da wuri haka ba. Kin ce aikina kawai in buɗe mata ƙofa in koma kicin. Ni kuwa sai in laɓe wajen ɓarakar katakon nan ina kallo. In hoton da ake nema yana hagu, sai in ji jikina ya karkata hagu. Da farko ban san ina yi ba. Daga baya na sani, har da ɗan tari nake ƙarawa. Ranar da kika rataya buhu kika rufe ɓarakar, Madam ta koma kamar ba ta taɓa ganin allon ba.

Kika zo kika same ni ina tankaɗe, kika ce, “Mama, kin san abin da kika yi kuwa? Aikin damina guda ya tafi a banza. Ba hoton take karantawa ba, ƙafarki take karantawa.”

Na ce, “Tausayi ne, dabba tana jin yunwa.”

Kika ce, “Ai shi ya sa ake sa kwamfuta, Mama. Ita ba ta jin tausayin kowa.”

Na yi fushi har na ƙi cin tuwon acca da kika tuƙa, alhali gaskiya kika faɗa. Can inda za ki, dole wata dabba ta shiga ranki, na san halinki. Za ki so ta ci, jikinki zai faɗa mata amsa ba tare da bakinki ya buɗe ba. Ki rufe kanki daga ganinta, ki karɓi abin da ya fito ko da bai yi miki daɗi ba. Kuma ki sani, abin da Madam ta yi da ƙafata shi nake yi muku yanzu. In baƙo ya yi sallama, fuskar Saratu nake kallo. In ta washe baki sosai na san na gida ne, sai in ce, “Kai, kwana biyu!” in ja kujera. Ke ma sai ki tura mini gishiri kusa da hannu kafin in fara nema, ki ƙarasa mini magana kafin in tsaya. Haka muka yi ta rufa wa juna ido har ciwon ya yi nisa kafin mu je asibiti. Saboda haka in kin bugo waya kika ji muryata garau, ina dariya daidai inda ya kamata, kada ki ce Mama ta samu sauƙi. Ki kira Saratu ita kaɗai, ki ce ta gaya miki yadda ake ciki.

Akwai kuma Ɗan Baƙi, ƙaramin aladen nan mai yankakken kunne. Shi tun farko bai yi sa'a ba. Ya taɓa, duhu. Ya sake taɓawa, duhu. Da abin ya ishe shi sai ya daina zuwa wajen allon gaba ɗaya. A buɗe masa ƙofa, ya shiga, ya juya wa gilashin baya ya kwanta. Kika ce ba ya amsawa, kika cire shi daga gwajin, kika ce haka dokar aikin take. Amma shi ne ya gane yadda ake ɗaga sakatar shinge da hanci, shi ne ya ja sauran zuwa gonar gwazar maƙwabta har aka kawo mana ƙara. Ina tsaye ina kallonsa kwance cikin akwatin nan wata rana, sai na ga ai na san wannan kwanciyar. Yayanki Ishaku na gani.

Ke ƙarama ce lokacin, ban san iyakar abin da kika riƙe ba. Ni malama ce a makaranta, kuma na ƙi ajiye allin a makaranta. In an zuba abinci sai in riƙe nama a gefe in fara tambaya. Tara sau bakwai? Babban birnin ƙasa kaza? Wanda ya amsa, tsoka tasa ce. Ke bakinki kamar an kunna rediyo, kafin in rufe nawa kin amsa. Ishaku sai ya tsaya ya yi tunani, kafin ya gama kin cinye. Babanki in ya dawo daga aikin reluwe yakan ce, “Malama, bar yara su ci abinci mana.” In ce ina wasa musu ƙwaƙwalwa ne. A hankali Ishaku ya daina ɗaga kai. In na tambaya sai ya ce, “Ban sani ba,” tun kafin ya ji ƙarshen tambayar, ya ci tuwonsa da miya zalla ya tashi. Na yanke masa hukunci a raina cewa kansa ba ya ja. Na faɗa wa malamansa haka, na faɗa wa dangi, shi ma na tabbata ya ji. Yau ga shi a Zonkwa, ba babur ɗin da zai tsaya a gabansa bai gane ciwonsa daga ƙara ba, amma in ya zo gidan nan maganarsa da ni ba ta wuce gaisuwa.

Kwanakin baya na yi ƙoƙarin ba shi haƙuri. Yana gyara mini sakatar shinge, na ce, “Ishaku, maganar naman nan da kuna yara.” Bai ko juyo ba ya ce, “Wane nama, Mama? Miƙo mini ƙusa.” Ban sani ba ko ya manta ne ko ya rufe ƙofar ne, kuma na rasa ƙarfin sake ɗaukowa. Abin da ke ci mini rai shi ne zan manta da laifin kafin in samu gafararsa, shi kuma ya ci gaba da ɗauke da shi shi kaɗai. To ke dai, duk dabbar da ta daina taɓa allo, kada ki tsaya a kan cewa ba ta amsawa. Ki bi dokar aikinki, ban hana ba, amma ki tashi daga kujera ki je ki ga me take yi in ba a tambayarta. Na'urar nan abin da aka sa ta tambaya kaɗai ta sani. Ki riƙa kiran yayanki kuma, ko da zai ba ki amsa da kalma ɗaya.

Yanzu ga wanda ya fi mini nauyin rubutawa, ko da yake kin san rabinsa. Bayan mun dawo daga wajen likita, akwatin yana nan ba ki kwance shi ba, kina ƙarasa gwaji na ƙarshe da Madam. Wannan gwaji ne na riƙe abu a ƙwaƙwalwa. A nuna hoto ɗaya, a ɗauke, a jira, sannan a kawo biyu ka taɓa wanda ka gani. In kana ci, jiran ya ƙara tsawo. Wata rana da azahar kin tafi kasuwa, Saratu tana wanki, na zagaya baya na kunna abin yadda na ga kina yi. Na ɗaure zani, na durƙusa a inda alade ke tsayawa. Ni, da na yi shekaru ina jan biro ja a takardun 'ya'yan mutane. So nake in san makina, ba wani abu ba.

Na farko na ci, gyaɗa ta faɗo. Na biyu ma haka, har na yi murmushi na ce likitan nan yaro ne. Sai jiran ya fara tsawo. Hoto ya ɓace, ina maimaita shi a baki, ganye, ganye, ganye, sai zakara ya yi cara a gidan maƙwabta, hotuna biyu suka fito, na duba na rasa wanda na taɓa gani. Na taɓa ɗaya, allon ya yi duhu. Na sake, duhu. Madam tana bayan katako tana huci, tana jiran a ba ta wurinta, kuma na san a wannan matakin ita tana wucewa. Ban san tsawon lokacin da na yi a nan ba. Muryarki kawai na ji a bayana.

“Mama, me kike yi a nan?”

“Ina duba ko tururuwa sun shiga bututun gyaɗa.”

Kika dubi allon, kika dube ni, kika ɗaga ni kika kakkaɓe mini gwiwa. Da na sani ban shiga akwatin nan ba. Likita ya riga ya faɗa, me nake nema kuma? Ban ƙaru da komai ba sai abin da zan riƙa tunawa in ji kunya, kuma cikin duk abubuwan da ke zubewa daga kaina wannan ya ƙi zubewa. Ba kowane abu ne da za a iya aunawa ya kamata a auna ba, musamman in ba abin da za a yi da amsar.

Tun ranar nan kika fara gwada ni, Rifkatu. Kina tsammani ban lura ba. “Mama, me ma muka ci jiya?” “Mama, wane ne wannan a hoton bikin?” Da murya mai laushi, kina tsince shinkafa, kamar hira ce kawai. Ni da na ƙare rayuwata ina shirya jarrabawa, ina jin ƙanshinta tun daga nesa. Ban ga laifinki ba, tsoro ne ke sa ki, kuma aikin da kika iya ke nan, a wajena ma kika fara koyonsa. Amma in na kuskure, fuskarki takan mutu kamar allon nan, na ɗan lokaci kaɗan kafin ki gyara ta da murmushi. Ina gani. Shi ya sa kwanan nan in na ji takunki da rana nake rufe ido kamar ina barci. Kwanakinmu na ƙarshe tare ke nan, na ɓatar da wasunsu ina ɓoye miki, kuma ba za su dawo ba.

Da kika ce za ki roƙi mutanen can su ɗage miki tafiya ki zauna da ni, ban hana ki ba. Ya kamata in ce a'a nan take, amma daɗi na ji, na bar ki kina ta juya abin a ranki har kika rame. Sai da Ishaku ya zo a kan babur ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, “Mama, bar ta ta tafi. Ni ina kusa.” Wanda na hana nama shi zai riƙa kai ni asibiti. Kada ki ɗauki zamanki a matsayin magani, ko ki ce tafiyarki ce ta ƙara mini ciwo. Ko kina nan ko ba kya nan hanya ɗaya abin zai bi. Jiya Saratu ta ce na ba Madam dusa har sau nawa ban sani ba, Madam kuwa ba ta taɓa cewa ta ƙoshi. Za a kai ta kasuwar aladu kafin Kirsimeti, don ba zan iya da ita ba kuma.

Na san hanyar ciwon nan don na taɓa bin ta da ƙafata. Kakarki, uwata, haka ta ƙare a ƙauyenmu can gindin dutsen Kagoro, kafin a haife ki. Lokacin ba mai kiransa ciwo, wasu su ce tsufa, wasu su yi ƙus-ƙus su ce an yi mata wani abu. Nakan je duk ƙarshen mako. Da abin ya yi nisa sai ta daina gane ni. In na shiga ta gyara ɗankwali, ta ba ni kujera mai kyau, ta ce, “Sannu da zuwa, Malama.” A ganinta wata baƙuwa ce mai ilimi ta zo gaishe ta, kuma tana murna da baƙuwar. Ni kuwa sai in ƙeƙashe ƙasa. In riƙe kafaɗarta in ce, “Dube ni da kyau. Wace ce ni? Faɗi sunana.” Sai ta duba, ta duba, ta fashe da kuka, don ta gane akwai abin da ya kamata ta sani kuma ba ta same shi ba. Kowane zuwa haka. Da na karɓi kujerar na zauna a matsayin Malama, da mun yi hira, da ta yi dariya. Na zaɓi in ji sunana, ban kuwa ji shi ba har aka binne ta.

To ga roƙona, shi ne dalilin duk wannan dogon rubutu. Saratu za ta riƙa riƙe mini waya in kin kira, fuskarki ta fito a gilashi, ni kuma ina gabansa. Kada ki ce, “Mama, kin gane ni?” Kada ki bar Saratu ta ce, “Wace ce wannan?” Ki bar gwaji a wajen aiki. In na kira ki da sunan wata, ki amsa. In na gaishe ki da ladabi kamar baƙuwa, ki karɓi gaisuwar, ki ba ni labarin aladunki da abin da suka taɓa yau, na tabbata zan so baƙuwar nan. In kuka ya zo miki, ki riƙe shi har ki kashe waya, don zan ga hawayen in san ni na jawo, in rasa ta yaya.

Wataƙila wata rana in ji kin ce daga Turai kike magana, in ce ai ni ma ina da yarinya a can, in tambaye ki ko kin san ta. Ki ce kin san ta. Ki ce tana lafiya, tana cin abinci, tana sa rigar sanyi, kuma ba ta fushi da uwarta.

Ubangiji ya tafi gabanki, ya tsaya bayanki. Ya tsare ki daga sanyin ƙasar, da kaɗaici, da miyagun mutane. Ya ba ki tagomashi wurin malamanki, ya sa albarka a aikin hannunki, ya dawo da ke Kafanchan lafiya ko da wa za ki tarar. Ranar da na kasa yi miki addu'a da suna, shi ya san sunan. Amin.

Ni ce uwarki, kuma a safiyar nan na san haka sarai,

Malama Hannatu